Zango Biyar Ba Guduma: Tarihin Hanyar Nutcracker a Kwarin Yosemiti

 Yau tarihi zai kai mu jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, cikin wani kwari da ake kira Yosemiti, mu tsaya a gindin wani dutse marar kwarjini, wanda ko sunansa ba ya daɗin faɗa a gaban surukai. Masu hawa suna ce masa Manure Pile Buttress, wato dutsen jujin kashin doki, domin a da can a nan ake zubar da kashin dawakin gandun dajin. A jikinsa akwai wata hanyar hawa mai suna Nutcracker, tsawonta kusan mita 180, an kasa ta zango biyar. Mutum biyu da suka iya sukan gama ta kafin rana ta take.

Kusa da ita El Capitan yake tsaye, bangon dutse mai tsawon kusan mita 900, wanda hotonsa ya zaga duniya. Idan aka jera su, dutsen jujin bai kai ɗan rakiya ba. Amma duk wanda zai ba da labarin yadda Amurkawa suka ajiye guduma suka daina fasa duwatsunsu, dole ya biyo ta kan wannan ƙaramar hanya da shekarar 1967. Abin da muke so mu bi diddiginsa shi ne yadda aka yi hanya mai matsakaicin wuya ta yi aikin da manyan bangaye ba su yi ba.

YADDA AKE HAWAN

Kafin mu shiga tarihin, bari mu fahimci sana'ar, domin ba a gane rigimar maƙera sai an san wuta da ƙarfe.

Mutum biyu ne ke hawa, kowa da ɗamara a ƙugu, igiya ɗaya ta haɗa su. Na gaba yana hawa da hannu da ƙafa, na baya yana tsaye yana sakar masa igiya kaɗan-kaɗan, a shirye ya ƙulle ta da zarar abokinsa ya suɓuce. To amma igiyar da ke bin mutum daga ƙasa ba ta tare komai sai an maƙala ta a jikin dutse. Saboda haka duk bayan 'yan mitoci na gaba zai nemi tsaga, ya sa wani ƙarfe a ciki, ya rataya zobe mai ƙofa, ya zura igiyar. Idan ya hau mita uku sama da ƙarfensa na ƙarshe sannan ya faɗo, zai yi mita shida a iska, har da ɗan ƙari na miƙewar igiya, kafin ta cafe shi. Wannan kuwa idan ƙarfen ya riƙe ne. In ya fizge, sai na ƙasa da shi.

Igiya tana da iyaka. A shekarun 1960 takan kai mita 45, yau an fi amfani da mai mita 60. Idan ta kusa ƙarewa, na gaba zai sami ɗan dakali ko wurin tsayuwa, ya ɗaure kansa da ƙarafa biyu ko uku, ya kira na baya. Shi kuma ya hawo yana kwashe duk abin da aka sa a hanya. Daga wurin tsayuwa zuwa na gaba shi ne zango ɗaya. Hanya mai zango da yawa tana da nata hukunci: da kun wuce zango na biyu, sauka ta zama aiki, kuma ran kowa yana hannun ɗan uwansa.

Wuyar hanya kuwa Amurkawa suna auna ta da lamba. A shekarun 1950, masu hawan dutsen Tahquitz a kudancin Kalifoniya suka tsara ma'auni daga 5.0 zuwa 5.9. Wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Royal Robbins ne ya hau hanyar da ake ɗauka 5.9 ta farko a ƙasar, a 1952. Yau ma'aunin ya kai 5.15. Nutcracker tana kan 5.8: ta fi ƙarfin ɗan koyo, amma duk wanda ya yi shekara ɗaya ko biyu yana hawa da naci zai iya sa ran kaiwa gare ta. Mu riƙe wannan lamba, za mu dawo kanta.

ZAMANIN ƘUSA

Ƙarfen da aka fara dogara da shi ƙusa ce mai kai da rami, wadda ake bugawa cikin tsaga da guduma. A duwatsun Alps na gabas, wajajen 1910, Hans Fiechtl ya gyara siffarta, Otto Herzog ya kawo zoben ƙarfe mai ƙofa, sai hanyoyin da ake ganin ba su hawuwa suka buɗe. Tun a lokacin aka yi gardama. A 1911 wani gwani ɗan Ostiriya, Paul Preuss, ya rubuta cewa kada mutum ya hau abin da ba zai iya saukowa daga gare shi da ƙafarsa ba, kuma ƙusa ta ranar tsautsayi ce kawai. Abokansa suka yi masa raddi mai zafi. A 1913 ya faɗo daga wani dutse yana hawa shi kaɗai ba igiya, ya mutu yana ɗan shekara 27. Ƙusa ta ci gaba da mulki.

A Yosemiti, hawa da igiya irin na zamani ya fara ne a farkon shekarun 1930. A 1934 Jules Eichorn da Richard Leonard da Bestor Robinson suka hau tsinin da ake kira Higher Cathedral Spire da ƙusoshin da suka yi oda daga birnin Munik na Jamus. Waɗannan ƙusoshi na baƙin ƙarfe mai laushi ne. Idan an buga sai su lanƙwashe su bi siffar tsagar, cire su wahala ne, in ma an cire sun gama aiki. A Turai barin su ake yi a wurin, na baya ya amfana. Amma dutsen Yosemiti giranit ne mai tauri, bangayensa kuma dogaye ne ƙwarai. Wa zai ɗauki ɗaruruwan ƙusoshin da ba a maimaita su?

Maƙeri ne ya warware matsalar. John Salathé, haifaffen Siwizalan, yana da maƙera kusa da San Faransisko, kuma bai fara hawa ba sai da ya haura shekara 45. Ya ƙera ƙusa daga ƙarfe mai tsananin tauri, labarin da ya shahara ma yana cewa daga akisil ɗin tsohuwar mota Ford ya yanko shi. Ƙusarsa ba ta lanƙwashewa: a buga, a rataya, na baya ya zo ya daddaka ta sama da ƙasa har ta saki, a sake bugawa a gaba. Da ita ya hau Lost Arrow tare da Anton Nelson a 1947, kwana biyar suna jikin dutse.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1957 Royal Robbins da Mike Sherrick da Jerry Gallwas suka hau fuskar arewa maso yamma ta Half Dome cikin kwana biyar. A watan Nuwamba 1958 Warren Harding da Wayne Merry da George Whitmore suka kai ƙolin El Capitan ta hanyar da ake kira The Nose, bayan aikin kusan kwana 45 da aka rarraba cikin fiye da shekara guda. Inda babu tsaga, Harding ya huda dutsen da hannu ya dasa ƙusar dindindin, har guda 125. A 1961 Robbins da Tom Frost da Chuck Pratt suka buɗe wata hanya a wannan bango suka sa mata sunan Salathé, da hudawa 13 kacal, kuma da gangan suka ƙirga, don a gani. Yawancin wannan hawa na rataye ne: a buga ƙusa, a sa likkafar igiya, a taka, a miƙe, a buga ta gaba.

Wanda ya gaji Salathé a maƙera shi ne Yvon Chouinard. A 1957, yana ɗan shekara 18 ko 19, ya sayi tsohon murhun ƙira mai amfani da kwal da uwar maƙera, ya koya wa kansa sana'ar. Yana ƙera ƙusa, yana sayarwa daga bayan motarsa a kan dala ɗaya da rabi kowace guda. Daga baya ya haɗa gwiwa da Tom Frost, wanda injiniya ne. Zuwa 1970 kamfaninsu ne kan gaba wajen sayar da ƙarafan hawa a Amurka.

YAU DA GOBE

Mutanen Yosemiti suna alfahari da cewa su ba sa barin ƙarfe a jikin dutse kamar Turawan Alps. A ganinsu wannan ita ce tsabta: ka zo, ka hau, ka kwashe kayanka, na baya ya tarar da hanya kamar yadda ka tarar. Abin da ba su lissafa ba shi ne ƙusar ta fi dutsen tauri. Duk shigarta tana ɗan ɓantare bakin tsagar, duk fitarta ma haka. Mutum ɗaya ba zai ga ɓarnarsa ba, ƙura ce kawai take zuba. Amma inda ya dace a buga ƙusa wuri ɗaya ne ga kowa, kuma a shekarun 1960 masu hawa suka yi ta ƙaruwa. Yau da gobe, in ji masu iya magana, shi ya sa allura ginin rijiya.

Tsagar da da farko ko farce ba ya shiga sai ta zama jerin ramuka, kowane mai zuwa yana buƙatar ƙusar da ta fi ta jiya kauri. Misalin da aka fi nunawa shi ne Serenity Crack, a cikin kwarin, inda zangon farko ya koma layin ramuka masu kusurwa, kamar an yi wa dutsen tsagen fuska. Har yau suna nan, kuma ba mai iya mayar da su. Dutsen da ƙanƙara mai tafiya ta yi dubban shekaru tana gogewa, ƙasa da shekara ashirin ta ishi guduma ta canza masa kamanni.

A nan ne wuyar maganar take. Babu mugu a cikinsu. Kowa yana kare ransa ne, kuma ƙusar da aka buga da kyau tana da wani amo, ƙara ce da ke hawa sama da kowane bugu, wadda ke gaya wa mai hawa cewa ya tsira. Ka ce wa mutumin da ke rataye mita ɗari sama da ƙasa ya bar abin da ya amince da shi saboda tausayin dutse, sai ya tambaye ka wa zai ciyar da 'ya'yansa.

TSAKUWA A ALJIHU

Amsar tana wani tsibiri, can ƙetaren teku. Mutanen Birtaniya duwatsunsu ƙanana ne, masu hawa kuma da yawa, don haka tun da wuri suka ɗauki buga ƙusa a matsayin abin kunya. A 1936 wasu baƙi Jamusawa suka buɗe hanya a dutsen Tryfan na yankin Wales suka bar ƙusoshi, sai Menlove Edwards ya je ya hau ta ba tare da su ba, aka tumɓuke su.

To da me suke kare kansu? Wani lokaci ana samun dutse da ya faɗa cikin tsaga ya maƙale, sai a zagaya shi da guntun igiya a rataya zobe. Tun shekarun 1920 wasu suka ce, in ba a samu ba me zai hana mu kawo namu? Sai suka fara tsintar tsakuwa a rafi, manya da ƙanana, su zuba a aljihu ko cikin hula. In an iso inda tsaga ta tsuke daga ƙasa, a zaɓi wadda ta dace, a cusa, a ja ta zauna. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Joe Brown da Don Whillans, 'yan aikin famfo da gini daga yankin Manchesta, suka kai wannan dabara matuƙa, suka hau hanyoyin da masu kuɗi da digiri suka kasa.

Wajajen ƙarshen shekarun 1950 sai wani tunani ya zo: noti, irin wanda makanikai ke ɗaurewa a kan bol, ai tsakuwa ce da ta zo da raminta. A goge zaren cikinsa don kada ya ci igiya, a zura madauri, shi ke nan. Labarin da ake yawan bayarwa shi ne masu zuwa dutsen Clogwyn Du'r Arddu sukan tsinci notuna a gefen layin dogon da ke hawa tsaunin Snowdon. A 1961 wani maƙeri daga Shefil, John Brailsford, ya ƙera na farko da aka yi musamman don hawa, a shekarar da ta biyo baya kuma aka fitar da wani mai siffar weji, na alminiyon, da ake kira MOAC.

Aikin noti ya bambanta da na ƙusa tun daga tushe. Ƙusa tana riƙewa ne da ƙarfin da aka tura ta, tana buɗa wa kanta wuri. Noti kuwa siffar dutsen yake bi: sai ka duba, ka sami inda tsagar ke da faɗi a sama ta tsuke a ƙasa, ka zura da yatsu, ka ja. Nauyin faɗuwa ƙara zaunar da shi yake yi. Na baya kuma ɗaga shi sama kawai zai yi ya fito. Amma yana da sharaɗi. Idan igiya ta ja shi sama ko waje yana iya tsalle ya fita, kuma a tsagar da ɓangarorinta suka miƙe sak ba shi da wurin zama. Yana son ido da haƙuri fiye da damtse.

SHEKARAR 1967

Royal Robbins ya je Ingila a 1966 ya hau duwatsunsu da notuna, ya dawo da su cikin jaka. A lokacin babu wanda ya kai shi suna a Yosemiti. An haife shi a 1935, ya tashi a Los Anjalas cikin talauci, bai gama sakandare ba a karon farko, amma ya zama mai yawan karatu da rubutu, mai tsauri a kan ƙa'ida har wasu na ganin ya cika girman kai. Ya yi rubutu a mujallar Summit yana kiran jama'a su gwada noti. Martanin da yawa shi ne wannan kayan ƙananan duwatsun Ingila ne, giranit ɗin Yosemiti tsagoginsa santsi ne, ba za su riƙe ba. Kalmar noti a Turanci tana kuma nufin taɓaɓɓe, kamar dai yadda mu ma mukan ce notin wane ya kwance, don haka masu ba'a ba su sha wahalar neman abin faɗa ba.

Robbins ya ga gardamar baki ba za ta kai ko'ina ba, gani ya kori ji. A bazarar 1967 shi da matarsa Liz, wadda suka yi aure a 1963, suka nufi dutsen jujin, suka buɗe sabuwar hanya tun daga ƙasa har sama da notuna da madaurai kawai. Ya sa mata suna Nutcracker, wato abin fasa kwalfar 'ya'yan itace, wasa da kalma ne da ya haɗa noti da tsaga, yana kuma tuna wa mai ji sunan shahararren kiɗan nan na Tchaikovsky. Ana ɗaukarta hanya ta farko mai muhimmanci da aka buɗe a Amurka ta wannan salo. Liz kuwa ba 'yar rakiya ba ce: a wannan shekara ta zama mace ta farko da ta hau fuskar arewa maso yamma ta Half Dome.

Mu dubi abin da mai hawa ke tararwa. Zangon farko kusurwa ce, inda mutum ke kama bakin tsaga da hannu biyu ya jingina baya yana tura ƙafa, salon da ke cin damtse kuma yake hana ka leƙa inda kake sa ƙarfe. Zangunan tsakiya suna bin tsagogi masu shan yatsu da hannu a kan falalen dutse mai gangara, da ɗan rufi da ake hayewa. Zango na biyar ne ke da wurin da kowa ke magana a kai: wani baki da ba shi da abin kamawa a sama, sai ka dafa tafin hannu, ka tura jikinka, ka ɗago ƙafa zuwa inda hannunka yake, kamar yaron da ke haye katanga. A ƙasansa akwai gangaren dutse da ke jiran idon sawun wanda ya suɓuce, kuma an sha karaya a wurin. Da ka wuce shi, saura tafiya mai sauƙi zuwa ƙoli, sannan a sauko da ƙafa ta bayan dutsen.

Yanzu mu dawo kan lambar nan, 5.8. Da Robbins ya so burgewa, da ya nemi wata hanya mai ban tsoro a El Capitan. Da ya yi haka, jama'a za su ce ai Robbins ne, abin da ya yi ba na kowa ba ne, su koma ga gudumarsu. Nutcracker kuwa tana 'yan mintoci daga bakin titi, kusa da sansanin Camp 4 inda masu hawa ke kwana, tana da kyau, kuma talakan mai hawa zai iya ta. Ɗalibi zai zo ranar Asabar, ya sa noti da hannunsa, ya ja ya ji ya zauna daram, ya kai sama lafiya, ya koma ya ba abokansa labari. Hujjar da kowa zai iya gwadawa da kansa ita ce ke yaɗuwa. Kuma da yake an san yadda aka buɗe ta, duk wanda ya zo mata da guduma ya san idon mutane na kansa.

MAƘERIN DA YA KASHE KASUWARSA

Duk da haka canjin bai zo nan take ba. Notunan da ake samu kaɗan ne, daga Ingila ake shigo da su, siffofinsu ba su dace da kowace tsaga ba. Sai da maganar ta isa maƙera.

Wajajen 1970 Chouinard ya hau The Nose, ya ga yadda tsagoginta suka lalace cikin 'yan shekaru, kuma ya san ƙarfen wa ya yi aikin. Ƙusa ce ke kawo masa kusan kashi 70 cikin ɗari na kuɗin shiga. Shi da Frost suka yanke shawarar janyewa daga cinikinta sannu a hankali, suka zauna suka tsara notunan alminiyon iri biyu: Stoppers masu siffar weji don ƙananan tsagogi, da Hexentrics masu kusurwa shida da ba su daidaita ba, waɗanda ke murɗawa su ƙara maƙalewa idan an ja su. A 1972 suka fitar da kundin kayan sayarwarsu, suka buɗe shi da kira ga abokan cinikinsu su daina sayen abin da ya fi kawo musu riba. A ciki akwai maƙala mai shafi 14 ta Doug Robinson, wadda ta bayyana dalili, ta kuma koyar da yadda ake sa noti dalla-dalla. Haɗuwar waɗannan biyu ce ta yi tasiri: an ba mutane dalilin canzawa, an kuma sa musu kayan aiki da darasi a hannu. A gabashin ƙasar, a duwatsun Shawangunks na jihar Niyok, John Stannard yana irin wannan fafutuka. Lokacin ma ya taimaka, domin a 1970 aka fara bikin Ranar Duniya, maganar muhalli tana bakin matasa. Cikin watanni cinikin ƙusa ya faɗi, na noti ya fi ƙarfin masu ƙerawa.

Saura tambaya ɗaya: manyan bangaye fa? A 1973 Doug Robinson da Dennis Hennek da Galen Rowell suka hau fuskar Half Dome, wadda Robbins ya buɗe da ƙusa shekara 16 da suka wuce, ba su buga ko ɗaya ba. Mujallar National Geographic ta sa labarin a bangonta a watan Yuni 1974. A 1978 kuma aka fara sayar da wata na'ura da injiniya Ray Jardine ya ƙirƙira, mai suna Friend, mai haƙora masu sifirin da ke buɗewa su kama ko da tsagar da ta miƙe sak. Babban raunin noti ya sami magani.

ABIN DA YA RAGE

Kada mu ɗauka labarin ya tafi sumul. Shi kansa Robbins tsaurinsa ya taɓa kai shi inda ya ja da baya. A 1970 Harding da Dean Caldwell suka yi kwana 27 suna buɗe wata hanya a El Capitan da hudawa fiye da 300. A farkon 1971 Robbins da Don Lauria suka bi ta da niyyar sare ƙusoshin duka. Bayan 'yan zanguna Robbins ya ga ingancin aikin da aka yi a wurin, ya daina sarewa, suka ƙarasa hawan kawai, daga baya kuma ya faɗi haka a fili. A shekarun 1980 sabon salo ya taso daga Faransa da Smith Rock ta jihar Oregon, inda ake huda dutse a dasa ƙusoshin dindindin tun kafin a hau, don a mai da hankali kan wuyar motsi kaɗai. A lokacin ne aka fara kiran salon Robbins na gargajiya, sunan da wata maƙala ta Tom Higgins ta 1984 ta yaɗa. Abin dariya, dabarar da aka yi wa ba'a a matsayin baƙuwa a 1967 ta zama gargajiya kafin ta cika shekara ashirin.

Akwai kuma wani juyi. Ramukan da ƙusa ta bari sun zama wurin sa yatsu. Lokacin da Lynn Hill ta hau The Nose da hannu da ƙafa kawai a 1993, wanda ba a taɓa yi ba, wasu daga cikin wuraren da ta kama tabon guduma ne. Ɓarnar jiya ta shiga cikin hanyar, ba a iya raba su.

Nutcracker ma ba ta tsira gaba ɗaya ba. Farin jini ya jawo mata layi, a lokacin bazara da kaka sai ka tarar da ƙungiya a kowane zango, wasu na jira a gindi. Takalma da hannuwa sun goge wasu wuraren har suna santsi. Amma idan mai hawa ya sa yatsunsa cikin tsagarta yau, kusan abin da Liz da Royal suka taɓa a 1967 yake taɓawa, bayan dubban mutane sun wuce. Serenity Crack tana cikin kwari ɗaya da ita, dutse iri ɗaya ne, kuma duk mai son ya san bambancin guduma da noti zai iya ganin su biyun a yini guda.

Royal Robbins ya rasu a watan Maris 2017 a garin Modesto, yana da shekara 82. Ya bar littattafan koyar da hawa guda biyu, na 1971 da na 1973, waɗanda tsara guda ta koyi sana'ar daga cikinsu, ya kuma bar manyan hanyoyi a El Capitan da Half Dome da ƙalilan ne za su taɓa hawa. Wadda ta fi kowace yawan baƙi a cikin hanyoyinsa na kwarin tana jikin dutsen jujin kashin doki, zango biyar, kuma har yau ana hawanta yadda aka buɗe ta.